Me ya sa fara ba ta ƙarewa, ungulu kuwa ta yi wuyar gani a ƙasar Damagaram?

Daminar 2024 ta zo wa Nijar da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. A birnin Damagaram har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. Shekarar ruwa irin wannan takan zo da labarai masu karo da juna a gidajen rediyo. Yau a ce ciyawa ta wadata a arewa, makiyaya sun huta. Gobe a yi gargaɗin fara da tsuntsaye, jibi a yi na wutar daji, asibitoci kuma su cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Mai sauraro sai ya rasa gane ko ruwan alheri ya kawo ko wahala.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan daɗewa. Shekara da shekaru ana feshin fara da tsuntsun jan-baki, ba su ƙare ba. Ungulu da jimina da barewa kuwa, waɗanda ba wanda ya ƙaddamar da yaƙi a kansu, su ne suka yi ƙaranci har yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin wasunsu ba. Amsar tana cikin yadda abubuwa masu rai da marasa rai ke haɗuwa su ƙara ko su rage yawan kowace halitta.

Ma'anar kalmomin

Idan masana suka ce tsarin muhalli, suna nufin wuri guda tare da duk abin da ke rayuwa a cikinsa da abin da rayuwar ta dogara a kai. Gonar hatsi a Matamaye tsarin muhalli ce, haka tabkin Gidimuni, haka dutsen Tarmit. Abubuwa marasa rai su ne ruwan sama, zafi da sanyi, iska, hasken rana, irin ƙasa da abincin da ke cikinta, kanwa ko gishirin da ke cikin ruwa. Masu rai kuwa su ne abinci, maƙiyi mai farauta, ƙwayar cuta, abokin gasa, abokin cin moriyar juna, da ɗan Adam kansa.

Yawan jinsi shi ne adadin halitta iri ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Abu huɗu kaɗai ke canza shi: haihuwa, mutuwa, shigowa daga wani wuri, da ƙaura. Duk wani dalili da za a ambata, ta ɗaya daga cikin huɗun nan yake bi.

Sai iyakar ɗaukar wuri, wato adadin da wuri zai iya ciyarwa ba tare da ya lalace ba. Kamar rijiya ce a makiyaya: akwai yawan shanun da za ta shayar a yini, idan aka wuce shi sai guga ta fara fito da laka. Sai dai a yankin Sahel wannan iyaka ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowace damina da tata. Daga nan ne galibin saɓanin da za a gani a gaba ya taso.

Rarrabewa ta ƙarshe tana da amfani sosai. Akwai abin da ke kashewa ba ruwansa da cunkoso: fari, ambaliya, gobara. Ko tumaki goma ne a wurin ko dubu, fari zai same su. Akwai kuma wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa da cunkoso: cuta, yunwa saboda gasar abinci, taruwar maƙiya. Tun shekarun 1950 masana biyu a Ostareliya, Andrewartha da Birch, suka dage cewa yanayi ne ke juya yawan ƙwari, wani ɗan ƙasarsu mai suna Nicholson kuma ya ce cunkoso ne ke daidaita shi. Masana na yau sun karɓi duka biyun, gardamar da ta rage ita ce wanne ya fi rinjaye a wane wuri.

Daga Magarya zuwa Tarmit

Jihar Damagaram ta dace da wannan nazari domin wanda ya taso daga kan iyakar Najeriya ya nufi arewa zai ga ruwa na raguwa a gabansa. Wajen Magarya ruwan shekara yakan haura milimita 500, a birnin Damagaram yana kusa da 400, a Tanut ba ya cika kai 300, a Tarmit kuwa ko 100 da wuya. Itatuwa da ciyayi suna bin wannan layi: kuka da gawo da kalgo a kudu, aduwa da anza da ƙarangiya yayin da ake hawa, har a kai inda sai tsirarun ciyayin da ke jiran yayyafi.

Ba ko'ina ne ruwa ke zama abin da ya fi tauye tsiro ba. Tun ƙarni na 19 masanin Jamus Liebig ya bayyana cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka, ko da sauran sun wadata. Binciken da masanan Holand da na Mali suka yi a makiyayun Sahel a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa a ɓangaren arewa mai ƙarancin ruwa, ruwan ne ke tauyewa, amma a kudu rashin abinci a cikin ƙasa, musamman sinadaran naitirojin da fosfaras, ya fi yin tasiri. Shi ya sa gonar jigawa da ta gaji ba ta ba da damma mai yawa ko a shekarar ruwa.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya nuna yadda gajiyar ƙasa ke kiran maƙiyi mai rai. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu ƙanƙanta kamar ƙura, irin kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa, hatsin da ke fama da rashin abinci kuwa ya fi fitar da wannan sinadari. Manomin da ya ce ƙuduji ya kashe masa gona da malamin gona da ya ce rashin taki ne, kowa ya faɗi rabin labari.

Fara: ruwa ke tayar da ita

Kalmar fara ta haɗa halittu daban-daban, kuma haɗa su yana rikita labarai. Akwai farar gida da ke cikin gonaki da makiyaya duk shekara. Akwai farar ɗango ta hamada, mai zuwa cikin gungu daga nesa, jefi-jefi.

Farar ɗango a galibin shekaru tana zaune ɗaiɗai a wurare irin su Azbin da Tamesna, ba ta damun kowa. Macen tana buƙatar yashi mai danshi kafin ta saka ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, ƴaƴan kuma su sami ɗanyar ciyawa. Idan ruwa ya sauka a hamada wata bayan wata, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa yawanta na iya ninkawa sau 20 cikin wata uku. Zuwa nan aikin yanayi ne. Abin da ke biyo baya aikin cunkoso ne: idan ciyawar ta fara bushewa, farar takan taru a ƴan wuraren da suka rage kore, tana gogar juna. Gogar ƙafafun baya tana canza halinta da launinta, wadda ke gudun ƴan uwanta ta koma neman su, sai gungu ya haɗu. Gungun da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana iya ɗaukar fara miliyan 40 zuwa 80, kuma iska na iya kai shi kilomita 150 a yini.

Haka aka yi a 2003, lokacin da ruwa mai kyau ya sauka a arewacin Sahel. Farar ta hayayyafa, ta haura ƙasashen Magrib ta ƙara yawa, ta dawo a daminar 2004. Mutane da yawa suna danganta yunwar 2005 da fara kaɗai, amma ƙiyasin lokacin ya ɗora kaso mafi girma na asarar amfanin gona kan ɗaukewar ruwa da wuri, sannan tsadar hatsi a kasuwannin yankin ta tsananta lamarin. Ƙarshen annobar ma haɗin gwiwa ne: an yi feshi a miliyoyin hekta, sanyi mai tsanani a arewacin Afirka kuma ya hana ta hayayyafa. Bayan wannan ne Nijar ta kafa cibiya ta musamman ta yaƙi da farar ɗango, wadda babban aikinta shi ne sintiri a wuraren ƙyanƙyasa tun kafin gungu ya haɗu.

Farar gida labarinta daban ne, kuma ita ta fi taɓa manomin Tanut da Gure shekara-shekara. Ƙwanta na kwana cikin ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko ya tayar da shi. Wani nau'inta yana bin damina zuwa arewa, ya juyo kudu idan iskar kaka ta fara kaɗawa, daidai lokacin da hatsi ke nuna. Manyan ɓarkewarta a Sahel sun biyo bayan manyan fari, a tsakiyar shekarun 1970 da kuma 1985 zuwa 1987. Bayanin da masana da dama ke bayarwa shi ne fari yana rage fara da maƙiyanta gaba ɗaya, amma idan ruwa ya dawo farar ta fi saurin farfaɗowa, sai ta sami fili babu mai tsare ta.

Maƙiyan nata suna da yawa. Shamuwa da balbela suna cin ta da yawa, ƙadangaru ma haka. Wani abin mamaki shi ne ƙwaron nan mai tayar da bororo a fata, wanda manyansa ke cin furen hatsi da na wake: tsutsotsin wasu nau'o'insa ƙwan fara suke ci a ƙarƙashin ƙasa. Halitta ɗaya ke nan, maƙiyin manomi a sama, mataimakinsa a ƙasa. Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro ba ya tantance wannan. Saboda haka aka samar da wani magani daga naman gwari mai kama fara kaɗai, wanda aka gwada a Nijar a shekarun 1990. Masu goyon bayansa suna cewa yana barin tsuntsaye da ƙudan zuma. Masu aikin kare amfanin gona kuma suna nuna cewa yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya kashe, manomin da fara ta sauka a gonarsa yau ba shi da wannan lokacin. Kowane ɓangare na da hujja, abin da ke raba su shi ne ko an gano farar tana ƙarama a daji ko sai da ta shiga gona.

Murzuna da ɗan ƙwaron da ke kashe ta

Tsutsar da ke bin zangarniyar hatsi tana zana layi a karkace, wadda manoma ke kira murzuna, ba ta zama babbar matsala a Sahel ba sai bayan farin farkon shekarun 1970. Tana kwana cikin ƙasa duk rani, ta fito a matsayin malam-buɗe-littafin dare kamar wata ɗaya bayan ruwa ya zauna, ta saka ƙwai a kan zangarniyar da ke fitowa. Ɓarnarta ta dogara da dacewar lokaci: idan fitowarta ta yi daidai da fitar kan hatsi, asara na iya haura rabin gona. Feshi ba ya cika kama ta domin tana ɓoye a tsakanin ƙwayoyin.

Tana da maƙiyi na asali, wani ɗan mitsitsin zanzaro da masana ke kira Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar ta sumar da ita, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Matsalar ita ce dogon rani yana rage shi ƙwarai domin babu tsutsa a gonaki, kafin ya sake yawa murzuna ta gama ɓarna. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a Maraɗi da abokan aikinsu sun magance wannan jinkiri ta hanya mai sauƙi tun wajen 2006: ana kiwon ƙwaron, a sa shi cikin ƴan buhunan algarara tare da tsutsar da zai ci, a rataye su a gonakin gari daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Daga nan ya bazu kilomitoci da kansa. Ba a kawo baƙon ƙwaro daga wata ƙasa ba, an dai taimaki na gida ya iso da wuri. Sharaɗin shi ne kada a bi bayansa da feshi, in ba haka ba an kashe ma'aikacin da aka ɗauko.

Jan-baki

Abincin jan-baki na asali irin ciyawar daji ne, ba hatsi ba. Lokacin da ya fi shan wuya shi ne farkon damina, domin irin da ke ƙasa ya tsiro, sabo kuma bai nuna ba. A makonnin nan yunwa takan kashe da yawa, sauran su yi ƙaura. Binciken da aka yi a yankin tabkin Cadi tun shekarun 1960 ya nuna cewa wannan yunwa ce ke tsayar da yawansa. Ma'anar haka ita ce kashe miliyoyi a makwancinsu da rani ba ya rage jimillar sosai, domin da yawan waɗanda aka kashe yunwa za ta kashe su ko ba feshi, waɗanda suka rage kuma sun sami ƙarin abinci. Feshin makwancin da ke kusa da gonaki yana iya ceton amfanin shekarar, amma ba ya ƙarar da tsuntsun, kuma yana kashe shaho da mujiya da suka ci gawarwakin.

Gawo: ruwa ne ya dawo da shi ko manomi?

A nan ne Damagaram ta yi suna a duniya. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi zaton itatuwan gonaki sun tafi ke nan. Sai binciken da aka yi a tsakiyar shekarun 2000, da hotunan sama na da da na yanzu, ya nuna akasin haka a Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya cika gonaki a fili mai kusan hekta miliyan ɗaya. Ƙiyasin da aka fi ambata na ƙasa baki ɗaya shi ne itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututture da irin da ke cikin ƙasa, suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani.

Gawo ya dace da wannan domin yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma ya zama taki. A saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo naitirojin daga iska. Da rani yana da ganye da ƴaƴa, dabbobi su taru a gindinsa su bar kashi, irin da ya bi ta cikinsu kuma ya fi saurin tsirowa. Tarihin baka ma ya ce Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani kan wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram.

Wasu masana suna ganin dawowar ruwa daga shekarun 1990 ce ta farfaɗo da itatuwan. Suna kafa hujja da hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna ƙaruwar kore a faɗin Sahel, har inda ba a yi wani aiki ba, da kuma binciken 2003 da ya danganta manyan farin da sauyin zafin ruwan teku, ba da saran itace na mutanen yankin ba. Wasu kuma suna cewa da ruwa ne kaɗai da itatuwan sun dawo ko'ina daidai, alhali sun fi yawa a inda jama'a ta fi cunkoso, kuma gonaki biyu masu ruwa ɗaya sukan bambanta ƙwarai. Suna kuma nuni da doka: muddin manomi na ganin itacen gonarsa na hukuma ne, yana tsoron tara idan ya taɓa shi, gara ya cire shi tun yana toho. Kundin dokokin karkara na 1993, dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin 2020 kan raya tohon gonaki sun ƙara tabbatar wa manomi haƙƙi a kan abin da ya raina. Abin da hujjojin biyu suka nuna idan aka haɗa su shi ne ruwa ya ba da dama, hannun manomi ya yanke inda aka ci moriyarta. Akwai kuma ƙorafi na uku da ya cancanci a ji: yawan itatuwa ya ƙaru, amma ire-irensu ba su dawo duka ba, masu jure fari ne suka fi yawa.

Masu jinkirin haihuwa

A hamadar Tin Tuma akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da masana ke kira adaks, wadda ke iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawa ya ishe ta. Fari bai ƙarar da ita ba. An ƙiyasta kusan 200 a yankin kafin 2010, kuma a 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin Tuma mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000. Duk da haka ƙidayar da aka yi a Maris na 2016 uku kawai ta gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta wannan da farauta da motoci da kuma hayaniyar ayyukan man fetur a yankin. Adaks ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan wata tara. Fara na iya mayar da abin da aka kashe mata cikin damina ɗaya, adaks kuwa sai shekaru masu yawa, in ma an bar ta.

Ungulu ma haka take: ƙwai ɗaya a shekara, kuma sai ta yi shekaru kafin ta fara. A 2015 aka sa ire-iren ungulun Afirka huɗu cikin jerin masu dab da ƙarewa, har da wadda aka saba gani a mahauta. Dalilan sun haɗa da gubar da ake sa wa mushe don kashe kura ko dila, da cinikin sassan jikinta don magani. Abin da ke biyo bayan ɓacewarta an gan shi a Indiya, inda wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulu daga shekarun 1990, mushe ya taru, karnukan sake suka yi yawa, cutar haukan kare ta ƙaru.

Maidowa mai yiwuwa ce amma da tsada. Mariri, dabbar hamada mai dogon ƙaho, wanda aka ayyana ya ƙare a daji a 2000, an sake sakin sa a Cadi daga 2016 kuma yana hayayyafa. A Kelle cikin gundumar Gure akwai wurin kiwon jimina mai jan wuya da nufin mayar da ita daji.

Shin dabbobin kiwo sun yi yawa?

Wani ra'ayi yana cewa garken sun wuce abin da makiyaya za su ɗauka. Hujjarsa ita ce garmani da ya mamaye burtaloli da wuraren kiwo: dabba na cin ciyawa mai daɗi ta bar shi, shekara bayan shekara shi ke zubar da iri, gamba kuma ta ja baya. Ɗaya ra'ayin yana cewa a inda ruwa ke hawa da sauka haka, fari ne ke rage garke tun kafin ya kai ga lalata daji, kamar yadda aka gani a 1984 da 2010, kuma ciyawar shekara-shekara takan dawo daga irin da ke ƙasa. A wurinsu matsalar ita ce tsayar da dabbobi wuri ɗaya.

Ra'ayi na biyu ya fi dacewa da arewa, na farko kuma da kudu da kewayen rijiyoyi, inda dabbobi ke zaune duk shekara. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince da yawon makiyaya a matsayin haƙƙi. Amma ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3.5 a jihar Damagaram, mafi yawan jama'a a ƙasar, gonaki kuma sun haura iyakar a wurare da dama. Kowace gona da ta shiga burtali tana ƙara cunkoso a ɗan filin da ya rage.

Abin da wannan ke nufi ga jama'a

Ga manomi, shekarar ruwa da ta biyo bayan fari ita ce ta fi buƙatar sa ido, domin ƙwari sun riga maƙiyansu tashi. Sanar da malamin gona tun fara tana tsalle ba ta yi fiffike ba ya fi arha nesa da neman jirgin feshi. Garin da aka rataya wa buhunan maƙiyin murzuna yana buƙatar yarjejeniya tsakanin maƙwabta, domin feshin mutum ɗaya yana shafar gonakin kowa. Masu kama fara da masu soya ta don kasuwa su ma abin ya shafe su kai tsaye: farar da aka tsince a wurin da aka yi feshi tana ɗauke da guba, don haka duk sanarwar feshi tana taɓa cinikinsu da lafiyar masu saye.

Ga makiyayi, ciyawa mai yawa tana nufin makamashin gobara mai yawa daga watan Oktoba, shi ya sa ake share hanyoyin tsai da wuta a arewa. A shekarar da ma'aikatar kiwo ta sanar da giɓin ciyawa a ƙarshen damina kuwa, wanda ya sayar da wani ɓangare na garkensa da kaka yakan sami kuɗin da ya fi na wanda ya jira bazara, lokacin da dabba ta rame, tiyar hatsi kuma ta hau.

A tabkuna irin na Gidimuni da Lasuri, zafin rani yana rage ruwa ya ƙara masa kanwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Tarwaɗa na jurewa domin tana shaƙar iska a sama, gaiwa ta shige laka ta jira damina, ƙarfasa ce ta fi jigata. Kacalla da yashin da iska ke turowa suna ƙara matse ruwan. Idan aka haɗa da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe kifin da bai kai haihuwa ba, zuba sabon iri a tabki ba ya daɗewa.

A cikin gari kuma, sauro na iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 10 ko ƙasa da haka idan akwai zafi da kwantaccen ruwa. Kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa da ramukan da ruwa ke kwanciya a unguwanni su ne wuraren ƙyanƙyasarsa, shi ya sa zazzaɓi ke kai ƙololuwa makonni bayan ruwa ya yi ƙarfi, wajen Satumba da Oktoba. Maganin rigakafin da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata da damina an tsara shi ne ya rufe waɗannan watanni, kuma zagayen ƙarshe yana faɗowa ne lokacin da sauron yake da yawa.